Buƙatar da Ba Ta da Wa'adi

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda ƙane ke yi yana durƙushe kansa a ƙasa, da fatan Allah Ya sa zafin ɗinkin ya lafa, Ya sa barci ya fara zama a idonki, Ya kuma saka wa masu jinyarki da alheri. Ina neman afuwa da na kutso miki da tarin takardu a lokacin da likita ya ce a bar ki ki huta. Waɗannan shafuka ne da na yago daga littafin da nake rubuta kwanakina. Ban rubuta su don idon kowa ba, ban kuma gyara ko harafi ɗaya ba, duk da hannuna ya yi ta ƙaiƙayin gyarawa. Akwai abin da ya wajaba ki sani game da kwana goma sha tara da hoton wuyanki ya yi a hanya, bakina kuwa ya gaza faɗa. Ki karanta a hankali.

Autanki.

Litinin, 7:40 na safe. Kwana uku da yankewar igiya.

Babbar igiyar da ke ɗauko mana intanet ta yanke tun Juma'a. Wasu na cewa kaza ne, wasu na cewa kaza, Manaja kuwa ya ce dalilin ba aikinmu ba ne, kada ma mu tattauna shi. Abin da ya rage mana wata siririyar igiya ce ta ko-ta-kwana, wadda ba ta ɗaukar ko kashi ɗaya cikin goma na kayan da aka saba. Asibitoci, makarantu da ofisoshin yankin nan kaf, ta ɗakinmu saƙonninsu ke bi: ɗaki mai sanyi, akwatunan na'ura goma sha ɗaya, fankoki na gurnani ba dare ba rana. Kowane saƙo, kowane hoto, kowace takarda, mu a nan buƙata muke kiranta, kuma duk sun yi cincirindo a bakin ƙofa guda.

An ɗora mini rubuta dokar wanda zai fara wucewa. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, yau ne kawai na ji an ba ni alƙalanci.

Litinin, 4:15 na yamma.

Na gama, kuma ban ƙi in ce ta yi kyau ba. Kowace buƙata za ta zo da launi: ja ga abin da ya shafi rai, ɗorawa ga na yau da kullum, kore ga mai iya jira. Za ta kuma zo da wa'adi, wato ranar da mai ita ke so ta isa. Ja ne gaba. Idan launi ya zo ɗaya, wadda wa'adinta ya fi kusa ita ke wucewa.

Dogo, abokin aikina da muke teburi ɗaya tun muna da gashi, ya leƙo ta kafaɗata, ya kira ni da sunan da ya laƙaba mini saboda 'yan waƙoƙina, ya ce, "Mai Baiti, wanda bai rubuta wa'adi ba fa?"

Na ce, "Wanda bai sa rana ba, ba ya sauri. Ya koma ƙarshen layi."

Na kuma tsara sanarwar da aka aika wa kowa: "Ya ku ma'abota kara da sanin ya-kamata, muna roƙonku da girman zumunci, kada kowa ya sa ja ko ya rubuta wa'adi sai in jinkiri zai taɓa rai. Ku tausaya wa masu ɗauke da wannan nauyi." Dogo ya karanta ya ce, "Wannan sanarwa ce ko wasiƙar neman aure?" Hassada ce kawai. A hanyar gida baiti ya zo mini:

Ja shi ne gaba, ba shi jira,
Ɗorawa bi shi da natsuwa,
Kore ka zauna ka dakata,
Kowa akwai ranar wucewa.

Laraba, 1:30 na rana. Kwana biyar.

Yaya ta kira. Muryarta ta dusashe, kamar ana jan tabarma a kan siminti. Ta ce kumburin nan na wuyanta ne ya sa 'yarta ta matsa mata, suka je ƙaramin asibitin garinsu aka ɗauki hoto, za a aika wa babban likita a nan birni ya duba. Ta ce ba wani abu ba ne. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ciwon bayana. Daga ƙarshe ta ce, "Auta, in ka samu sarari ka leƙo."

Na ce in Allah Ya yarda, da zarar an ɗaura igiya.

Juma'a, 11:00 na safe. Kwana bakwai.

Kowa ja! Wani ofishi ya aiko hotunan walimar ban kwana da shugabansu, ja, wa'adi minti goma. Wata makaranta ta aiko jadawalin wasan ƙwallo, ja. Na kira su ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri cikin lafazi mai taushi, suna amsa mini da "To, Injiniya," suna ajiye waya su sake sa ja. Dogo ya ce, "Da ka rubuta sanarwar da yaren mutane, da sun gane." Na ce sun gane sarai, kunya ce ta yi ƙaura.

Lahadi, 5:00 na yamma. Kwana tara.

Mai ɗakina ta ajiye mini shayi ta tsaya, alamar akwai magana. Ta ce, "Ka kira Yaya?"

Na ce ta ce ba wani abu ba ne.

Ta ce, "Yaushe Yaya ta taɓa cewa wani abu ne? Matar da ta goya ka bayan rasuwar Inna, ta ɗinka maka kayan makaranta da hannunta, ka taɓa jin ta ce ta gaji? Ba za ta ce ka zo ba. Kai ne za ka je."

Na ce tafiyar awa uku ce, ɗakin na'ura kuwa ba ya son a juya masa baya. In na samu sarari.

Talata, 8:10 na safe. Kwana goma sha ɗaya.

Ba a ɗaura ba. An ce mako mai zuwa.

Alhamis, 3:45 na yamma. Kwana goma sha uku.

Dogo ya juyo mini da allon kwamfutarsa. Ya gangara can ƙasan layi, inda ba mai dubawa. Ya ce, "Dubi waɗannan. Ɗari biyu da 'yan kai. Kore ne, ba wa'adi. Tun ranar da suka shigo ko taku ɗaya ba su yi ba. Duk sabuwar da ta zo da rana a goshinta sai ta tsallake su. In haka aka ci gaba, har mu yi ritaya suna nan."

Mu ba ma ganin sunan kowa a layi. Lamba ce kawai, da girma, da launi, da wa'adi. Na duba, na ga lambobi zaune cikin lumana. Na ce, "Dogo, da suna da matsala da sun yi ƙorafi. Ka taɓa jin wayarsu?"

Ya ce, "Shi ne abin da ya dame ni."

Na ce ya bar ni da masu ihu tukuna, su ne ke hana Manaja barci.

Asabar, 10:00 na safe. Kwana goma sha biyar.

Manaja ya yaba mini a gaban kowa. Ya ce dokata ta fitar da mu kunya, manyan ofisoshi sun daina kira. Na yi godiya da kalmomi uku kacal, abin da Dogo ya ce a rubuta shi a tarihi. Na yi niyyar kiran Yaya in ba ta labari, sai wata na'ura ta ɗauki zafi.

Talata, 12:20 na rana. Kwana goma sha takwas.

An ce mako mai zuwa.

Laraba, 6:30 na yamma. Kwana goma sha tara.

Na ga kiran 'yar Yaya sau biyu muna cikin taro. Zan kira gobe.

Juma'a, 2:40 na rana. Kwana ashirin da ɗaya.

'Yar Yaya ta same ni. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ita da ba ta taɓa gajarta mini gaisuwa ba.

Ta ce, "Kawu, yau kwana goma sha shida da ɗaukar hoton Umma. Asibitinmu sun ce sun aika tun ranar. Babban asibiti sun ce ba su ga komai ba. Yanzu ko ruwa sai ta runtse ido take haɗiya. Ta hana ni kiranka, na saci jiki ne. Kawu, ba ta wajenku saƙon ke bi ba?"

Na ce zan bincika. Na ce mata hanyoyi suna da yawa.

Hanya ɗaya ce. Ni na san hanya ɗaya ce.

Asabar, 6:50 na yamma. Kwana ashirin da biyu.

Sararin da na yi mako uku ina nema, yau da asuba na same shi cikin minti biyar, na kama hanyar garin su Yaya.

Ƙaramin asibitin ɗaki huɗu ne da baranda. Nas ɗin da ke aika hotuna dattijuwa ce mai tabarau ɗaure da zare. A bangon da ke bayanta, an manna sanarwata da salatif, an ja layi da biro a ƙarƙashin "ku tausaya wa masu ɗauke da wannan nauyi." Ban gaya mata ni na rubuta ba. Na ce ni ƙanen mai hoton ne.

Ta ce, "Au, kai ne Autan? Sannu da aiki, sannu da ƙoƙari! Ai saboda kai ne." Ta buɗe littafinta ta nuna mini lambar. Kore. Gurbin wa'adi fari fat.

Ta ce, "Ni ja na so in sa, don ban ji daɗin abin da na gani ba. Sai ta tambaye ni mene ne wancan a bango, na karanta mata. Ta riƙe mini hannu ta ce, 'Yar nan, kada ki sa gaggawa. Ƙanena ne ke fama da layin nan, ko abinci ba ya samun ci. Kada a ƙara masa nauyi. Ni ba inda za ni.' Na ce to ko rana mu rubuta. Ta ce, 'Ni wace ce da zan yanka wa mutane rana? Duk sanda suka samu sarari.'"

Na roƙe ta ta sake aikawa da ja. Ta ce hoton yana cikin na'urar ɗauka, mai makullinta kuwa sai Laraba yake zuwa. Na kwafi lambar a tafin hannuna, na sake kwafa a takarda, na sake kwafa a bayan katin aikina.

Daga nan na je gidan. Yaya tana tsakar gida, ta naɗe wuyanta da gyale cikin wannan zafi. Ta yunƙura za ta shimfiɗa mini tabarma. Da raɗa take magana. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Auta, ka rame. Layin nan zai ƙarar da kai."

Na yi mata zancen yara. Na yi mata zancen hanya. Awa biyu ina zance, ni da aka sani da yawan kalmomi, ban faɗi ko ɗaya daga cikin waɗanda suka kamata ba.

Lahadi, 4:30 na yamma. Kwana ashirin da uku.

Na kira Dogo da safe, ya zo ofis da silifas, bai tambayi dalili ba. Na nuna masa lambar. Tana nan ƙasan layi, ita da 'yan'uwanta yanzu sun kai ɗari huɗu da goma sha biyu. Ɗaga ta sama da hannu aikin minti ɗaya ne. Na ɗora yatsa.

Dogo ya ce, "Ɗaga ta. Wallahi ba mai ganin laifinka, ni ma ban gani ba. Sai dai sauran ɗari huɗu da sha ɗayan nan, Mai Baiti, su ma yayyen wasu ne. Farkon kowace lamba ai yana nuna inda ta fito, ka duba daga ina suke."

Na duba. Ƙananan asibitoci. Makarantun ƙauye. Gidan marayu guda. Babu babban ofishi ko ɗaya. Duk wanda ya karanta sanarwata ya ji kunya, nan na tara shi na rufe ƙofa. Dokar da na yi alfahari da ita, mai ihu take saka wa, mai kara kuwa ta hukunta shi da kararsa.

Babban likita ba ya duba hotuna sai Litinin ƙarfe takwas. Saboda haka muka zauna muka ƙara wa dokar sharaɗi ɗaya: duk awar da buƙata ta yi tana jira, darajarta na ƙaruwa, har kore ya kai ɗorawa, ɗorawa ya kai ja. Ba wadda za ta dawwama a ƙasa, ko ta yi magana ko ta yi shiru. Jan gaske na asibiti kaɗai muka bar wa gabansa. Dogo ya ce, "Wato in ta yi furfura a tashi a ba ta kujera." Muka sa mata suna dokar furfura.

Ba mu nemi izinin Manaja ba. Na sa hannu ni kaɗai.

Litinin, 7:55 na safe. Kwana ashirin da huɗu.

Mun kunna ƙarfe shida. Tsofaffin suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don hotuna ne masu nauyi. Ta Yaya ce ta talatin da bakwai. Ba zan yi wa littafina ƙarya ba: yatsana na kan maɓalli, na ƙudurta in bakwai da hamsin da biyar ta yi ba ta wuce ba, zan ɗaga ta da hannu, adalci ya jira ni a waje.

Ta wuce bakwai da hamsin da biyu.

Litinin, 11:30 na safe.

Manaja ya shigo wayarsa na ruri a hannu. Ya ce manyan ofisoshi na cewa saƙonninsu na rarrafe, wa ya taɓa doka? Na ce ni ne. Ya ce da izinin wa? Na juya masa allon, na nuna masa sauran da ke tashi, da kwanakin da kowace ta yi. Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan su ne suka ji maganarmu."

Ya bi layin da ido har ƙasa. Ya ce in rubuto masa bayani a shafi ɗaya, "ba waƙa." Bai ce a kashe ba.

Talata, 9:05 na safe. Kwana ashirin da biyar.

Babban asibiti sun kira 'yar Yaya. A kawo ta yau, ba gobe ba.

Laraba, 5:20 na yamma. Kwana ashirin da shida.

Likitan mutum ne mai taƙaita magana. Ya nuna mana hoton, ya nuna wanda suka sake ɗauka jiya, ya auna tazarar da ke tsakaninsu da bakin biro. Ya faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi ba. Ya ce za a yi aiki Juma'a, akwai kyakkyawan fata ga rai, amma muryar sai abin da Allah Ya yi. 'Yar Yaya ta ce, "Likita, da an zo da wuri fa?" Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Yanzu dai an zo."

Juma'a, 3:10 na yamma. Kwana ashirin da takwas.

Awa biyar. An fito da ita. Alhamdu lillahi.

Asabar, 10:40 na safe.

Na zauna in yi baitin godiya. "Ya wadda ke ci bayan kowa ya ci," daga nan alƙalami ya tsaya. Kalmomin da suka dace da amsa-amo suna nan da yawa. Ba na son ko ɗaya.

Litinin, 4:50 na yamma. Kwana talatin da ɗaya.

Kwana uku ke nan ina zuwa, ina tsayawa a baranda wajen tagar da ke da labule shuɗi. Ina kawo abin da aka ce a kawo, in miƙa wa 'yarta, in juya. An ba Yaya ɗan allo da alli, da shi take magana. Yau 'yarta ta fito da allon ta nuna mini. An rubuta: "Auta ya ci abinci?"

Ta ce, "Kawu, me zan ce mata? Kullum sai in ce kana wajen aiki. Ta rubuta mini wai kada a dame ka."

Na ce ta ce na ci.

Laraba, 9:30 na safe. Kwana talatin da uku.

An ɗaura igiya. Cikin minti arba'in layi ya watse, ba ja, ba kore, kowa na wucewa a guje. Ana ta tafi a ofis. Manaja ya ce a bar dokar furfura a ciki saboda gaba. Dogo ya sauke tasa sanarwar da ya rubuta a madadin tawa, mai layi ɗaya: "In abu ya dame ka, faɗi ranar da kake so." Ya ninke ta ya sa mini a aljihu. Ya ce, "Tafi, Mai Baiti. Sarari ya samu, ba ka da sauran inda za ka ɓuya."

Laraba, 2:00 na rana.

Yaya, daga nan ba da littafi nake magana ba, da ke nake.

Kin gani da idonki. Ni na rubuta takardar da aka karanta miki a bango. Ni na ce wanda bai sa rana ba ya koma ƙarshen layi. An nuna mini ƙasan layin tun kina kwana takwas a ciki, na ce ba su yi ƙorafi ba. Kuma kafin na'ura ta yi miki haka, ni na fara yi miki, shekara da shekaru: duk mai ɗaga murya na sallame shi, ke da kike cewa "in ka samu sarari" na ajiye ki sai an ɗaura igiya. Ban sani ba ko kwana goma sha tara ɗin nan ne suka tafi da muryarki. Likita bai ce ba, ni kuma ba zan wanke kaina da shirunsa ba.

Ba zan iya shigowa in zauna a gefen gadonki kina tambayar ko na ci abinci, alhali ba ki san wannan ba. Yanzu kin sani.

Ina roƙon amsa a rubuce, da hannunki, ba da bakin 'yarki ba. Na haɗo da biro da farar takarda, don allo gogewa ake yi, ni kuwa ina so in ajiye. In faɗa ne, ki yi shi cikakke, kada ki rage mini komai don tausayi. In kin yarda in shigo, ki rubuta rana, ki rubuta ƙarfe nawa. Kada ki rubuta "in ka samu sarari," wannan amsar ba zan karɓe ta ba.

Kuma ki gafarce ni, yau ƙanenki zai yi rashin kunyar da ke kika kasa yi: ina son amsar kafin la'asar. Ina baranda, wajen labule shuɗi.